YADDA SAƘON SALULA KE SAMUN HANYARSA BA TARE DA MADUGU BA

Ku gyara zama, ku ɗauko kaye da bik, domin darasin yau akwai ɗan lissafi a cikinsa.

Wani dattijo ne a ajinmu na Belbeji ya kawo tambayar da za mu amsa yau. Ɗansa yana cin rani a Kano, kuma da salula suke gaisawa. Ran nan bayan an tashi daga karatu sai ya ce mini: "Malam, ni abin nan ya ɗaure mini kai. In na yi magana cikin salula, kafin in mayar da ita aljihu yaron ya ji a Kano. Wane ne ya san hanya har ya kai? Kuma ran da saƙon ya ƙi tafiya, ina ya tsaya?" Na ce masa: "Baba, tambaya biyu ka yi, kuma duk biyun suna da amsa." Ga amsar nan, mu bi ta sannu a hankali.

1. AYARI YANA DA MADUGU, SAƘO BA SHI DA SHI

Ƙasarmu ta Damargu tsohuwar mahaɗar hanyoyi ce. Ayarin Abzinawa yana ɗauko gishiri daga Bilma, ya sayi hatsi a nan, ya wuce Damagaram da Kano. Fatake daga Tarabulus su ma a da ta nan suke ratsawa. Kowane ayari yana da madugu. Madugu ya san hanya tun daga farko har ƙarshe. Ya san rijiyoyi, ya san zango, ya san inda mahara suke. Tare da kaya yake tashi, tare da kaya yake sauka.

Saƙon intanet ba shi da madugu. Ya fi kama da saƙon da kuke bayarwa a tasha. Ka ɗaure kaya, ka rubuta suna da lambar mai shi, ka ba ɗan kamasho a Belbeji. Shi ba zai je Kano ba. Abin da ya sani shi ne wace mota ya kamata ya sa kayan. In kayan sun sauka a Damagaram, wani ya karanta rubutun, ya duba: motar Matamaye da Daura zai sa su, ko ta Magarya da Babura? Kowa yana tsaye a tasharsa, kowa yana zaɓen mataki ɗaya na gaba.

A cikin intanet, na'ura ce take wannan aiki. Masu Faransanci suna ce mata ruter, masu Ingilishi suna cewa rauta. Mu riƙe rauta. Rauta wata irin kwamfuta ce da aka ajiye a mararrabar wayoyi. Wayoyi da yawa suna shiga wurinta, wasu suna fita. Aikinta ɗaya ne: saƙo ya zo, ta karanta inda za shi, ta miƙa shi ga rauta ta gaba.

2. ANA RABA SAƘO ƘUNSHI-ƘUNSHI

Ba a ɗora wa raƙumi ɗaya hatsin rumbu duka. Ana rarraba shi cikin buhuna. Haka salularka take yi wa muryarka ko hotonka. Tana mayar da shi lambobi, sannan ta yayyanka shi ƙanana-ƙanana. Kowane yanki mu kira shi ƙunshi. Galibi ƙunshi ɗaya ba ya wuce nauyin haruffa 1500.

Ga lissafi na farko. A ce hoto yana da nauyin haruffa 300000. Mu raba da 1500. Ƙunshi nawa ke nan? Ƙunshi 200.

A bayan kowane ƙunshi an rubuta adireshin mai aikowa da na mai karɓa. Adireshin ba suna ba ne, lambobi ne. Irin wanda aka fi sani kashi huɗu ne, da ɗigo a tsakani, kamar haka: 192.0.2.15. Kowane kashi daga 0 yake zuwa 255. Lambobin farko suna nuna babbar unguwa, na ƙarshe suna nuna gida. Kun san irin wannan a lambar waya: 227 ta Nijar ce, 234 ta Najeriya ce. Da ganin farkon lamba an san ƙasar da za ta.

Ba dole ba ne ƙunshin nan 200 su bi hanya ɗaya. Tarihin ƙasarmu ya ba mu misali. Cikin watan Janairu na 1851 wasu Turawa uku, Barth da Overweg da Richardson, suka iso Damargu tare da ayarin gishiri. A wani gari mai suna Tagelel suka rabu, bisa alkawarin su haɗu a Kukawa ta Barno. Richardson ya nufi Damagaram. Barth ya bi ta Tasawa da Katsina da Kano. Overweg ya bi ta Maraɗi. Biyu sun isa Kukawa, ɗaya bayan ɗaya. Richardson ya rasu a hanya cikin watan Maris. Gari ɗaya suka nufa, hanya daban-daban suka bi, kuma ba rana ɗaya suka isa ba.

Haka ƙunshi suke. Wani ya riga wani isa, wani ya ɓata. Na'urar da ke karɓa tana jera su bisa lambarsu. In ta ga babu na 37, sai a sake aiko shi. Sai sun cika hoton yake fitowa.

Akwai kuma abin da za mu kira guzuri. Ana ba kowane ƙunshi wata lamba, sau da yawa 64. Duk rautar da ya ratsa sai ta rage 1. In lambar ta kai 0 bai isa ba, sai a zubar da shi. An yi haka don kada ɓataccen ƙunshi ya yi ta kewaye har abada yana cushe wa wasu hanya.

3. LITTAFIN HANYOYI

Kowace rauta tana riƙe da wani jeri, mu kira shi littafin hanyoyi. Kowane layi na littafin yana cewa: mai zuwa unguwa kaza, ta ƙofa kaza zai fita. Rauta ba ta buɗe ƙunshi don ta zaɓi hanya. Adireshin bayansa kawai take dubawa, ta gwada da littafin.

To, in layi biyu ko uku suka dace da adireshi ɗaya fa? Mu koma tasha. A ce kana tashar Yamai da kayan da za su Belbeji. Ga mota uku. Ta farko za ta gabas. Ta biyu za ta Damagaram. Ta uku Belbeji kanta za ta. Duk ukun sun dace, amma kowa ya san ta uku za a ba. Rauta ma haka take yi: layin da ya fi yin daidai da adireshin, wanda lambobinsa suka fi yawan dacewa, shi take bi. Wannan ita ce doka ta farko, ku riƙe ta.

In kuwa ba ta ga adireshin a littafinta ba, ƙaramar rauta tana da layi na ƙarshe mai cewa: duk abin da ban sani ba, in miƙa wa babba. Manyan rautoci na tsakiyar intanet ba su da wanda za su miƙa wa. Saboda haka littafinsu ya ƙunshi layi kusan miliyan ɗaya.

4. WA YAKE RUBUTA LITTAFIN?

Matambayi ba ya ɓata. Rautoci ba su zama shiru, kullum suna ba maƙwabtansu labari. Wannan ta ce: ta wurina ana isa wuri kaza. Waccan ta rubuta, ita ma ta faɗa wa na kusa da ita. Da haka labari yake bazuwa, littafi ya cika. In labari ya zo cewa hanya biyu suna zuwa wuri ɗaya, sai a auna su. Ma'aunin iri uku ne.

Ma'auni na farko: ƙidayar zango. Hanyar da ta fi ƙarancin rautoci ita ce ta yi nasara. Wannan tsohon tsari ne, sunansa RIP, an rubuta dokokinsa a 1988. Kowace daƙiƙa 30, wato rabin minti, rauta tana karanta wa maƙwabta littafinta. In wuri ya wuce zango 15, sai a ɗauka ba a iya isa can. Tsarin yana da sauƙi, amma yana da aibi. Bai san bambancin kwalta da rairayi ba.

Ma'auni na biyu: wahalar hanya. Duk direba ya san gajerar hanya ba kullum take riga isa ba. A wannan tsari, mai suna OSPF, wanda ya fito a 1989, ana ba kowace waya lambar wahala. Waya mai faɗi, mai ɗaukar kaya da yawa, lambarta ƙarama ce. Ƙuntatacciyar waya lambarta babba ce. Sai a haɗa lambobin hanya duka, wadda jimlarta ta fi ƙanƙanta ita za a bi.

Ga lissafi na biyu, ku rubuta.
Hanya ta farko zango 2 ce: 10 + 10 = 20.
Hanya ta biyu zango 3 ce: 3 + 3 + 3 = 9.
Mai ƙidayar zango zai bi ta farko. Mai auna wahala zai bi ta biyu, kuma shi zai riga isa.

In garuruwa sun yi yawa, wannan lissafi yana da wuya. Wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Dijkstra, ana faɗin sunan Daikstara, shi ya gano dabarar yin sa a 1956, aka buga ta a 1959. Dabarar ita ce: ka fara daga inda kake. Ka duba wurin da ya fi sauƙin isa, ka rubuta wahalarsa, ka gama da shi. Sannan ka duba mafi sauƙi cikin sauran, ko kai tsaye ko ta wuraren da ka riga ka gama da su. Ka yi ta yi har wurare su ƙare. Har yau da wannan dabara rautoci suke aiki.

A tsarin nan akwai gaisuwa. Bisa al'ada, kowace daƙiƙa 10 rauta tana yi wa maƙwabciyarta sallama. In daƙiƙa 40 suka wuce ba ta ji ta ba, sai ta ce hanyar nan ta mutu. Ta sanar da sauran, kowa ya sake lissafi, a koma wata hanya. Ba a jiran mutum ya zo ya ba da umurni.

Ma'auni na uku: amana da kuɗi. Intanet ba ta mutum ɗaya ba ce. Gidaje ne masu zaman kansu, sun haura 70000 a duniya: kamfanonin waya irin su Airtel, Moov da Niger Telecoms, da jami'o'i, da bankuna, da manya irin su Google. Cikin gidansa kowa yana auna wahala yadda ya so. Amma tsakanin gida da gida wani tsari ake bi, sunansa BGP, shi ma a 1989 aka fara shi. A nan kowane labari yana zuwa da jerin gidajen da za a ratsa. Sai dai kafin a ƙidaya gidajen, ana fara duba yarjejeniya. Da wa muka ƙulla? Wa zai biya mu, wa za mu biya? Madugan da ma haka suke yi. Suna barin gajerar hanya in kuɗin fito ya yi tsada ko babu amana, su bi ta ƙasar sarkin da suka shirya da shi. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Saboda wannan, da kuma inda manyan kwamfutocin kamfanoni suke, saƙon da ya tashi daga Belbeji zuwa Kano yana iya gangarawa bakin teku, ya je wata ƙasa mai nisa, sannan ya dawo Kano. Duk wannan cikin ƙiftawar ido, domin a cikin igiyar gilashi haske ne yake ɗauke da saƙon, kuma yana cin kilomita wajen 200000 a daƙiƙa ɗaya.

5. IN AKA BA DA LABARIN DA BA DAIDAI BA

Tsarin da ya dogara ga maganar maƙwabta yana da haɗari ɗaya. In wani ya ce ta wurina ake bi, alhali ba haka ba ne, kaya za su kwarara wurinsa.

Haka ta faru ranar 12 ga Nuwamba 2018. Kamfanin MainOne na Legas ya yi kuskure wajen gyaran rautocinsa, labarin hanyoyin Google ya fita zuwa inda bai kamata ba. Wasu manyan kamfanoni suka yarda da labarin, suka yaɗa shi. Saƙonnin mutane masu neman Google suka karkata ta Rasha da Sin, da yawa suka maƙale. Minti 74 aka yi kafin a gyara, kuma kamfanin ya amsa cewa kuskure ne. Ganin irin wannan ne ya sa gidaje da yawa yanzu suke tace labarin da maƙwabta ke kawo musu, suna neman shaidar hatimi kafin su yarda.

6. RAN DA HANYA TA YANKE

Yanzu mu zo tambaya ta biyu ta dattijonmu: ran da saƙo ya ƙi tafiya, ina ya tsaya?

Nijar ba ta da bakin teku. Manyan igiyoyin da suka haɗa Afirka da sauran duniya kuwa a ƙarƙashin teku suke kwance. Dole saƙonmu ya ratsa ƙasar maƙwabta kafin ya kai gare su.

Cikin watan Yuli na 2009, igiyar teku mai suna SAT-3 ta lalace a wajen Kwatano ta ƙasar Benin. A lokacin Nijar ta wannan hanya ta dogara. Intanet ta ɗauke a Nijar da Togo. Rautoci suna nan lafiya lau, lissafinsu bai ɓace ba, amma babu hanya ta biyu da za su zaɓa.

Ranar 14 ga Maris 2024 abin ya fi girma. Igiyoyi huɗu suka yanke a tekun da ke gaban Abijan: WACS, ACE, MainOne da SAT-3. Ƙasashe fiye da 10 suka ji a jikinsu, har da Nijar. An yi makonni kafin jiragen ruwa su gama gyara. Amma tun kafin a gama, kamfanonin da suke da wata ƙofa suka karkatar da kayansu ta igiyoyin da suka tsira, kamar Equiano, wadda ta sauka Lome da Legas a 2022. Kun san yadda kasuwa take in an rufe ƙofofi an bar ɗaya: ana shiga, amma da turereniya. In ƙunshi suka yi wa rauta yawa, sai su yi layi. In layin ya cika, sai ta zubar da na baya, a sake aiko su. Wannan shi ne nauyin da kuke gani a salula.

Darasin shi ne: komai wayon rauta, ba ta iya zaɓen hanyar da ba a gina ba. Don haka ne aka yi aikin igiyar gilashi mai ratsa Sahara, da kuɗin Bankin Raya Afirka. Rabon Nijar a aikin ya haura kilomita 1000, ta fuska biyar: daga Arlit ta Asamaka zuwa iyakar Aljeriya, daga Difa ta Ngigmi zuwa iyakar Cadi, daga Damagaram ta Magarya zuwa iyakar Najeriya, daga Yamai ta Doso da Gaya zuwa iyakar Benin, daga Yamai ta Makalondi zuwa iyakar Burkina Faso. Kowace fuska sabon layi ce a littafin hanyoyi.

7. ABIN DA YA SHAFE MU

Na farko. In salularka tana nuna rezo amma saƙo ya ƙi tafiya, kada ka yi saurin kai ta wurin mai gyara. Rezon da kake gani tsakaninka da dogon ƙarfen garinku ne kawai, wato zangon farko. Matsalar tana iya kasancewa a zango na goma. Tambayi maƙwabcinka. In tasa ma haka take, ba laifin salularka ba ne, riƙe kuɗinka.

Na biyu. Ran da hanya ta cushe, aika rubutu ko gajeren saƙon murya. Ƙunshinsu kaɗan ne, kuma suna iya jira har hanya ta buɗe. Kira mai hoto ƙunshinsa ba iyaka, kuma ba ya jira. A nan wanda ya iya rubutu ya fi wanda bai iya ba samun biyan bukata.

Na uku. In ka aika kuɗi ta salula, shaida ba ta dawo ba, kada ka sake aikawa nan take. Mai yiwuwa kuɗin sun isa, shaidar ce ta makara a hanya. Duba abin da ya rage maka, ko ka tambayi mai karɓa tukuna.

Na huɗu. In kun ga alamar da ke nuna an binne igiyar waya a gefen hanya, kada a yi haƙa a wurin, kada a tumɓuke alamar. Igiyar gilashi ba tagulla ba ce, ɓarawo ba ya samun komai a cikinta. Amma sara ɗaya na diga yana iya raba gari guda da ƴaƴansa da ke nesa.

Da na gama yi wa dattijonmu wannan bayani, sai ya yi shiru, ya ce: "Malam, ashe ba mai kai saƙon ne ya san hanya ba, masu zaman mararraba ne suke faɗa wa juna gaskiya." Na ce: "Baba, ka gane."

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Mene ne bambancin madugu da rauta?
2. Saƙo mai nauyin haruffa 45000, ƙunshi nawa zai yi, in kowane ƙunshi yana ɗaukar 1500?
3. Hanya ta farko 5 + 5 + 5 ce. Ta biyu 8 + 9 ce. Wace mai auna wahala zai bi? Wace mai ƙidayar zango zai bi?
4. Ƙunshi ya tashi da guzuri 64, ya ratsa rauta 18. Nawa ya rage masa?
5. Ku zana taswirar garinku da hanyoyin da suka fita daga cikinsa zuwa kasuwa mafi kusa. In damina ta yanke ɗaya, wace za ku bi?

Ku rubuta amsoshin a kaye, ku nuna wa malaminku. Wanda ya gane ya bayyana wa wanda bai samu zuwa ba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.